Bayan an naɗe tuta, ina iyalin ƙaramin soja suke dosa?

Ranar Litinin, 7 ga Nuwamba 2016, an jera gawawwaki bakwai lulluɓe da tutar Najeriya a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Ɗaya ta Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ce, kwamandan bataliyar tankokin yaƙi ta 272, wanda mayaƙan Boko Haram suka kashe daren Juma'a, 4 ga watan, a Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam, can bakin iyakar Borno da Nijar. Shekarunsa 36. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, bai iya riƙe hawayensa ba a wurin, kuma a Maiduguri mutanen da ba su taɓa ganin mamacin ido da ido ba sun yi ta yi wa juna ta'aziyya kamar ɗan gidansu ne ya rasu.

Kukan yana da dalili. A farkon Janairun 2015 Baga ta faɗa hannun Boko Haram, aka yi wa mutanen garin kisan da har yau ba a manta ba. Wata guda da 'yan makonni bayan haka, Abu Ali, yana Manjo, yana cikin waɗanda suka ja tankoki suka ƙwato garin. Ya taka rawa a ƙwato Monguno da Gamboru Ngala, kuma a can Gamboru, a fagen daga, aka liƙa masa muƙamin Laftanar Kanar a watan Satumban 2015, tun kafin lokacin ƙarin girmansa ya yi. Sojojinsa Sarkin Yaƙi suke ce masa. Ɗan babban gida ne: mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Mai irin wannan gata, in da ya so, da bai rasa wanda zai nema masa kujera a wani ofis mai sanyi ba. Ya zauna a daji har ajali ya same shi, ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana.

Duk yabon da aka yi masa ya cancanta. Amma mutum shida aka binne tare da shi a ranar, masu igiya a hannu da wanda ko igiyar bai samu ba. An karanta sunayensu, jaridu sun buga washegari, daga nan sai shiru. A tambayi mutum goma a Kano ko Kaduna wane ne Abu Ali, da yawa za su ba da amsa. A tambaye su ko ɗaya daga cikin shidan, ba za a samu ba. Su ma ɗin sun yi sa'a, domin an binne su a Abuja gaban kyamara. Akasarin ƙananan sojojin da suka mutu tun da aka fara wannan yaƙi a 2009 an rufe su ne a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri ko wani wuri makamancinta, wani lokaci ba tare da ko mutum ɗaya daga danginsu ya samu halarta ba.

Wane ne wannan ƙaramin soja? Yawanci yaro ne da ya gama sakandare ya rasa abin yi. Rundunar sojin ƙasa tana ɗaukar kurata masu shekara 18 zuwa 22, masu sana'ar hannu kuma har zuwa 26. Yawanci ana kai su Defo ta Zariya, wadda take horar da kurata tun 1924, su yi kimanin wata shida, a yaye su. Da yawansu daga nan ba su da wani zango sai Arewa maso Gabas, cikin rundunar da aka kira Lafiya Dole daga 2015, aka sauya mata suna zuwa Haɗin Kai a 2021, ko kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. Albashin farabiti ya daɗe yana kusan naira dubu 50 a wata, abin da Sanata Ali Ndume ya sha yin ƙorafi a kai, kuma a 2024 wannan kuɗi ba su sayen buhun shinkafa ɗaya. A cikinsu ne yake aika wa mahaifiyarsa na cefane, ya biya wa ƙanne kuɗin jarrabawa, ya tara na lefe. In ya yi aure, amarya takan fi ganinsa a waya fiye da a gida. A watan Agustan 2018 wasu sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri, suna ƙin a kai su Marte, kukansu kuwa shi ne sun shekara da shekaru a fagen daga ba a sauya su ba.

Wato dai mutum ɗaya ne a lissafin runduna, amma a gidansu shi ne ginshiƙi. Ranar da ya faɗi, gida biyu ne suke girgiza, na iyayensa da nasa.

Yadda labarin mutuwar yake isa gida shi ne wulaƙanci na farko. A ranar 18 ga Nuwamba 2018 mayaƙan ISWAP suka afka wa sansanin bataliya ta 157 a Metele, suka kashe kwamandanta, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, da sojoji da dama. Kwanaki suka shuɗe hukuma ba ta ce komai ba. A cikin kwanakin nan bidiyon ƙonannun motoci da gawawwaki ya zaga WhatsApp da Facebook, mata a barikoki suna ta buga lambobin da ba sa shiga, iyaye suna tsayar da bidiyo suna ƙura wa fuskoki ido. Da rundunar ta yi magana sai ta ce mutum 23 aka kashe, 31 suka ji rauni, alhali kafafen labarai na ciki da waje suna ambaton adadin da ya ninka haka, wasu har suna cewa ya haura ɗari. Ko wane adadi ne gaskiya, abu ɗaya ya tabbata: akwai uwayen da suka fara jin mutuwar 'ya'yansu daga bakin abokin aikin da ya tsira, ko daga wayar maƙwabci. A al'adarmu ko mutuwar tsoho ɗan shekara 90 ba a faɗa wa iyalinsa ita haka kawai. Ana neman dattijo, a yi sallama, a zauna, a fara da nasiha. Ƙasar da ta ɗauki yaro da ransa da lafiyarsa ita ta fi kowa cancantar ta aiko mutum cikin kaki ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa mahaifinsa, Baba, sai haƙuri.

Bayan sadakar uku da ta bakwai, masu gaisuwa sun watse, sai a shiga zancen takarda. A nan ne ake yin asarar da ba ta fitowa a jarida.

Ranar da yaro ya shiga Defo ana ba shi fom ya rubuta sunan wanda za a nema, kuma a miƙa wa haƙƙinsa, idan ta Allah ta kasance. Ɗan shekara 19 ba shi da mata, sai ya rubuta mahaifinsa ko yayansa. Bayan shekara huɗu ya yi aure, an yi suna, amma fom yana nan yadda ya bar shi. Ba ganganci ba ne kawai: mutumin da yake kwana a rami yana jiran hari ba ya son taɓa takardar mutuwarsa, gani yake kamar yana yi wa kansa mugun fata, ga shi kuma ofishin da fayil ɗin yake yana da nisa da inda yake. In ya rasu, hukuma sunan da ke cikin fayil ta sani. Idan yayan mai tsoron Allah ne, shi ke nan, zai tara dangi a raba. Idan ba haka ba, matar sai dai ta ji a bakin mutane cewa kuɗi sun shigo, ta ga an sayi sabon babur a gidan surukai. Ga Musulmi kuwa rabon gado ba abin da aka bari a duhu ba ne: matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, saura na 'ya'ya. Wanda sunansa yake takarda ɗan amana ne, ba mai dukiya ba. Matsalar ita ce babu wanda yake bin sawu ya ga ko amanar ta isa, kuma yarinya 'yar shekara 22 mai goyo ba za ta iya kai yayan mijinta kotu ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

A rubuce, Najeriya ba ta yi wa sojanta rowa ba. Akwai kuɗin jana'iza, akwai giratutin mutuwa, akwai inshorar rai da gwamnatin tarayya take biya, akwai inshorar walwala ta rundunar sojin ƙasa da ake cirar kuɗinta daga albashin sojan tun yana raye, akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan mamaci. Inda gizo yake saƙar shi ne lokaci. Sai an kawo shaidar mutuwa, da shaidar aure, da takardun haihuwar yara, da hotuna, da wasiƙa daga bataliya. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alewa kuwa ba kasafai yake da takarda ba, sai an je kotu an yi rantsuwa. Daga nan a nufi Abuja, wani lokaci har ofishin hukumar fanshon sojoji a Dutsen Alhaji, da kuɗin motar aro, a ce a dawo wani watan. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince a fitar da naira biliyan 18 domin biyan inshorar rai da sauran haƙƙoƙin iyalan sojojin da suka rasu. Abin a yaba ne, amma yawan kuɗin kaɗai ya isa ya nuna yawan gidajen da suke jira. Jira kuma ba kyauta ba ne. Lokacin da aka binne Abu Ali dala tana kusan naira 305 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Matar da aka riƙe wa haƙƙinta tsawon waɗannan shekaru, ko an biya ta cif, abin da zai sayi fili a da yanzu da ƙyar ya biya hayar shekara biyu.

Sai gida. Ɗakin bariki na aiki ne, ba na gado ba, kuma akwai wani sojan da iyalinsa suna layi. Mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tunanin inda za ta kwashe kaya ya riga ya hana ta barci. Magajiyar bariki da matan layi suna iya ƙoƙarinsu, wannan ta kawo kwanon masara, waccan ta samo mata gurbi a kasuwar mami ta riƙa tuya, ƙungiyoyin matan hafsoshi da na matan sojoji su raba shinkafa da atamfa lokacin salla ko Kirsimeti. Duk wannan ba ya hana ranar tashi zuwa. Yaran da suka saba da makarantar bariki sai su tsinci kansu a ƙauyen kakanni, uwar kuma, in ta sake aure, sau da yawa dole ta bar su a hannun dangin uba.

Akwai waɗanda halinsu ya fi wannan tsanani, matan sojojin da aka ce sun ɓace. Babu gawa, babu kabari, babu ranar da za a ce daga ita aka fara takaba. Fikihun Malikiyya ya ware wa matar wanda ya ɓace hukunci na musamman, kuma alƙali ne yake yanke shi, amma alƙali yana buƙatar hukuma ta faɗi abin da ta sani a rubuce. In runduna ta yi shiru, matar ba ta zama mai aure ba, ba ta zama bazawara ba.

Abin takaicin shi ne ƙasar ta san yadda ake yin abin daidai, domin ta taɓa yi. A ranar 14 ga Maris 2024 aka kashe sojoji 17 na bataliya ta 181 a Okuama, Jihar Delta, har da kwamandansu, Laftanar Kanar Abdullahi Hassan Ali. An fitar da sunayensu da hotunansu, babba da ƙarami. Ranar 27 ga watan Shugaba Tinubu ya je jana'izar da kansa, ya ba kowannensu lambar girmamawa ta ƙasa, ya yi wa kowane iyali alkawarin gida, da karatun 'ya'ya har jami'a, har da waɗanda suke ciki ba a haifa ba, sannan ya ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya tsaya ya lissafa abin da aka bari: mata 10, uku daga cikinsu da juna biyu, da marayu 21. Kafin wannan, a Satumban 2020, da aka kashe Kanar Dahiru Chiroma Bako a kwanton ɓauna kusa da Damboa, Gwamnan Borno Babagana Zulum ya sanar da ba iyalinsa naira miliyan 20 da gida.

Babu mai hankalin da zai yi wa waɗannan iyalai baƙin ciki. Tambayar ita ce, me ya bambanta su da iyalin kofur ɗin da nakiya ta tashi da motarsu a hanyar Damboa zuwa Biu a ranar da babu ɗan jarida kusa? Jini ɗaya ne, kaki ɗaya, rantsuwa ɗaya. Bambancin kawai shi ne mutuwar wasu ta girgiza ƙasa, ta wasu kuma ta zo a makon da hankalin jama'a yake wani wuri. Muddin gida da karatu da biya cikin kwana 90 suna fitowa ne daga bakin shugaba a bakin kabari, to kyauta ce, mai kyauta kuwa yana iya bayarwa yau ya manta gobe. Abin da aka yi wa iyalan sojojin da aka kashe a Okuama shi ya kamata ya zama mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta wa kowane soja da ya mutu a bakin aiki.

Manyan hafsoshi suna da hujjarsu ta yin shiru. Suna cewa bayyana yawan waɗanda aka kashe yana ƙara wa maƙiyi ƙarfin gwiwa, yana karya na sojoji, kuma dole a sanar da iyali kafin duniya ta ji. Magana ta ƙarshe gaskiya ce, amma hujja ce ta a gaggauta sanar da iyalin, ba ta a rufe bakin kowa ba. Ta farkon kuwa ba ta tsayawa: wanda ya kai harin ya riga ya san abin da ya yi, har bidiyo yake fitarwa. A Amurka, wadda ta yi shekara 20 tana yaƙi a Afganistan, hafsa cikin kaki ne yake zuwa gida ya faɗa, bayan awa 24 a fitar da suna, a kuma biya iyali dala dubu 100 cikin 'yan kwanaki kafin a shiga lissafin sauran haƙƙoƙi. In an ce ai Amurka mai kuɗi ce, ga Nijar nan maƙwabciya. Da aka kashe mata sojoji 71 a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, gwamnati ta faɗi adadin ba tare da jan ƙafa ba, Shugaba Mahamadou Issoufou ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo, aka yi makokin kwana uku, aka binne su a Yamai. Ko Turawan mulkin mallaka, da duk bambancin da suka nuna wa baƙar fata, sun sassaƙa sunayen sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, ana iya karanta su har yau. Najeriya mai 'yanci kuwa ba ta da wani kundi a fili da ɗan ƙasa zai buɗe ya ga sunayen waɗanda suka mutu suna kare Borno da Yobe da Adamawa. Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajon tunawa da 'yan mazan jiya, a watse.

Batun karya gwiwar sojoji kuma, tarihin yaƙin nan ya nuna abin da yake karya ta. A watan Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmed Mohammed, wuta, bayan sun ga gawawwakin abokansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok. A watan Agustan shekarar matan sojoji a barikin Giwa suka tare ƙofa suka ƙona tayoyi, suna cewa ba za a kai mazajensu Gwoza da makaman da ba su kai na abokan gaba ba. An yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa saboda bore, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10, bayan shi kansa babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, ya faɗa a jawabinsa na ban kwana a 2015 cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da isassun kayan aiki. Soja yana da ido. Yana ganin matar abokinsa tana kwashe kaya daga bariki, yana jin shekara nawa ta yi tana zaryar Abuja, kuma da wannan lissafin a ransa yake shiga mota idan aka ce a tashi.

Wani mai karatu zai ce, su sojojin fa, wa suka tausaya wa? Ba a manta Zariya a Disambar 2015 ba, inda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya tabbatar an kashe mutum fiye da 340. Ba a manta Tudun Biri a Disambar 2023 ba, inda jirgi marar matuƙi na soja ya hallaka masu Mauludi aƙalla 85. Waɗannan haƙƙoƙi ne da dole a ci gaba da nema, kuma mai kare martabar soja shi ya fi kowa dacewa ya nemi a hukunta wanda ya yi ɓarna. Amma jaririn da aka haifa wata uku bayan mutuwar ubansa bai harbi kowa ba. Rundunar da take ɗaukar ran ƙaramin sojanta da arha kuwa ba a sa ran za ta ɗauki na farar hula da tsada.

Jama'ar gari ma ba su fita ba. Jihohi irin su Sakkwato da Kano da Jigawa da Zamfara suna da hukumomin zakka, masallatai da majami'u suna da asusun marayu, attajirai suna raba hatsi da azumi. Da wuya a ji an ce a nemo marayun sojoji, domin kowa ya ɗauka gwamnati ta riga ta sallame su. Mai unguwa ya san gidan da aka kawo kakin ɗansu a jaka. Gwamnan da yake neman matasan jiharsa su cike gurbinsu a aikin soja, ya kamata ofishinsa ya san su waye a cikinsu ba su dawo ba, da inda 'ya'yansu suke karatu.

Babban aikin dai na Majalisar Tarayya ne. Kwamitocinta na soja da tsaro su kawo dokar da za ta sa wa'adin kwana 90 ya hau kan kowa, da ƙarin kuɗi a kan hukumar da ta saɓa, ta hana a tashi iyali daga bariki kafin a biya su, ta sa a ajiye kason marayu da sunansu ƙarƙashin kulawar kotu maimakon a damƙa shi duka ga mutum ɗaya, ta kuma wajabta wa hedikwatar tsaro fitar da sunan duk wanda ya mutu a bakin aiki da zarar an sanar da iyalinsa. Kafin a kai ga haka, sojan da yake karanta wannan, ko matarsa, ko mahaifinsa: in an yi aure ko an samu ƙaruwa tun bayan barin Defo, a je ofishin bataliya cikin watan nan a duba sunan da ke cikin fayil, a gyara shi, a kuma nemi takardar aure da ta haihuwar yara a adana.